Wardin Hamada ko Ƙarya? Tarihin Wani Fure Mai Sunaye Uku

Idan maigida a Furana, ko Makarfi, ko Kudan ya sayo wani ɗan tsiro mai kaurin gindi da jan fure ya dasa a tsakar gida, mai yiwuwa mai sayarwa ya ce masa wardi ne. In ya ɗauki hotonsa ya bincika a waya, zai ga Turawa na kiransa da sunan da ke nufin wardin hamada. Sai dai tsiron bai haɗa dangi da wardi ba, kuma sanin bambancin na iya tserar da yaro ko akuya.

Wardi na ainihi, wanda ake yin turare da ruwan wardi da shi, ɗan ƙasashen arewacin duniya ne, kuma daga Larabci muka aro sunansa. Yana da ƙaya, ganyensa kan fito biyar ko bakwai a kan sili ɗaya, bakin kowanne kamar haƙoran zarto. Shi kuwa wancan tsiro ba shi da ƙaya. Gindinsa a kumbure yake saboda ruwan da yake ajiyewa, ganyensa sumul, furensa kamar bakin kakaki. Danginsa su ne tumfafiya da kwankwani, wanda maharba suke dafa dafin kibiya da shi. Shi ma ruwan jikinsa guba ne mai taɓa zuciya, an kuma yi dafin kibiya da shi a sassan Afirka da dama.

Sunansa na ilimi daga Yaman ya samo asali. A 1761 Sarkin Denmak ya tura ayarin masana zuwa ƙasar Larabawa, cikinsu har da Peter Forsskål, ɗalibin Linnaeus, wanda ya tsara hanyar raɗa wa tsirrai suna. Forsskål ya ga tsiron a Yaman ya bayyana kamanninsa, amma zazzaɓi ya kashe shi a can a 1763. Sai a 1775 aka buga aikinsa. A 1819 masanan tsirrai Roemer da Schultes suka ware wa tsiron jinsi na kansa, ya zama Adenium obesum.

Duk wannan lokaci Hausawa suna da nasu suna. Wanda ya haɗa sunayen biyu a takarda shi ne John Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya zo aiki Arewacin Nijeriya a 1905. Ya riƙa tsinko ganye da fure, yana tambayar mutanen gari sunansu, yana busar da su tsakanin takardu, yana aikawa lambun Kew da ke Landan don a gwada su da waɗanda aka adana. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma a ciki tsiron nan ya fito da sunan da ya ji a bakin mutane: ƙarya. Ana danganta sunan da ɗabi'arsa ta cika fure alhali da wuya a ga 'ya'yansa, daidai da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A zahiri yakan yi 'ya'ya jifa-jifa, kwanso biyu masu kama da ƙaho, cike da iri mai gashi da iska ke ɗauka.

Hanyar da Dalziel ya bi ita ce har yau. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, tana da ma'adanar busassun tsirrai inda ɗalibai ke kai samfuri a tabbatar masu da sunansa kafin su fara bincike. Mai son sanin abin da ya dasa sai ya duba ƙaya, ganye, fure da ruwan jikin tsiron, kada ya tsaya ga launi kawai. Ya kuma tambayi dattawan unguwa, domin sau da yawa sunan yana bakinsu.

Furen wardi ana jiƙa shi a shayi. Furen ƙarya kuwa kallo kawai ake yi, a ɗaga tukunyarsa inda hannun yara da bakin dabbobi ba za su kai ba, a wanke hannu bayan an datse shi.