Ƙaramar Hukuma Ba Barikin Soja Ba Ce: Martani Kan Abin da Majalisun Dutsin-Ma da Kurfi Za Su Sa a Gaba

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 15 ga Fabrairun 2025, wanda jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyamomi 34 da na kansiloli 361 na Jihar Katsina, wani ra'ayi ya kama bakin masana na yankinmu. Cewa ake yi duk majalisar da ke kusa da dajin Rugu ba ta da aiki a wannan wa'adi sai tsaro, sauran buƙatu kuwa su jira. Wanda ya fi kowa tsara wannan magana wani abokin aikina ne, malamin kimiyyar siyasa, a takardar da ya gabatar mana a wani taron ƙara wa juna sani. A ganinsa, abin da ya rage wa Dutsin-Ma da Kurfi bayan albashi, a zuba mafi yawansa a alawus na 'yan sa-kai da babura da man sintiri da kuɗin masu kawo rahoto. Rijiya da ɗakin shan magani, in ji shi, na mai rai ne.

Ina ganin Malam ya yi kuskure, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne, ko da yake na san inda ya samo shi. Duk wanda ya tuna harin da aka kai ƙauyen Wurma na Kurfi a Agustan 2019, ko sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a Oktoban 2023, ba zai yi wa mai wannan ra'ayi kallon wanda bai san ciwon jama'a ba.

Ba sai na maimaita tarihin da kowa ya sani ba: gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, sashe na 7 da na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, asusun haɗin gwiwa da abin da gwamnoni suka mai da shi, sai hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, wanda aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne Jadawali na Huɗu na kundin, domin a nan aka rubuta aikin majalisa. Kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Ba a ambaci ɗaukar makami ba. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, soja kuwa na Tarayya ne. Ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta jiha ce, kuma ga jiha take ba da bahasi. Ciyaman zai iya sayen mai, amma ba zai iya ba da umarnin inda motar za ta nufa ba.

Hujjar Malam ta farko a kan wannan ita ce doka ba ta hana taimako ba, kuma ciyamomi sun daɗe suna ciyar da jami'an tsaro da ke yankunansu. Gaskiya ne. Sai dai tambayar da muke yi ba ta halasci ba ce, ta fifiko ce. Fifiko kuwa yana nufin abin da za a kama shugaba da shi ranar da wa'adinsa ya ƙare. Idan ciyaman ya ce tsaro ne aikinsa na farko, ya zaɓi ma'aunin da nasararsa da faɗuwarsa duk ba a hannunsa suke ba. Hari ya ragu, ba a san ko sojan sama ne, ko sulhu, ko kuwa ɓarayin sun koma wani daji. Hari ya ƙaru, zai ce da gaskiyarsa ba shi ke da bindiga ba. Ta kowace fuska jama'a ba su da abin da za su riƙe shi da shi.

Akwai kuma abin da takardar ta wuce ba ta taɓa ba. Kuɗin tsaro shi ne kuɗin da ya fi kowane wuyar bincike a gwamnatin Nijeriya, daga sama har ƙasa. Ba a neman rasit, ba a tallata kwangila, wanda ya tambaya a ce masa sirri ne. Ba ina zargin wani ciyaman da ke kan kujera ba ne. Tsarin nake magana a kai. Ekeh (1975) ya riga ya nuna yadda ɗan Afirka ke kallon dukiyar hukuma a matsayin wadda ba ta da mai ita. A Katsina abin yana da tarihinsa. Zamanin En'e talaka na biyan haraji da jangali, yana jin zafinsu, saboda haka yana da bakin tambayar abin da baitulmali ya yi da su. Da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, an sauke wa talaka kaya mai nauyi, kuma daidai ne da aka sauke. Amma daga nan kuɗin majalisa ya zama abin da ke saukowa daga Legas, daga baya Abuja, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya a raba wa ƙananan hukumomi duka, ba wanda ya ji fitarsa daga aljihunsa. A irin wannan hali, a ɗauki ɗan abin da ya rage bayan an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, wanda mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya ƙara wa nauyi, a tura shi layin da ba a bincikarsa, to an yanke igiya ta ƙarshe da ta haɗa kansila da masu zaɓensa.

Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi cin lokacina. Ya ce: me amfanin gyara rijiyar burtsatse a ƙauyen da mutanensa suka gudu? Wace ungozoma ce za ta kwana a ɗakin shan maganin da ake iya ɗauke ta cikin dare? Ya kawo misalin 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 da suka haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi. A ganinsa wannan ya isa shaida cewa idan tsaro ya lalace, kasuwar da nake so a gyara ma rufe ta ake yi.

Na yarda da rabin maganar, kuma dole in rage faɗin da'awata a nan. Ba ina cewa gyaran rijiya yana korar ɗan bindiga ba; ba ni da shaidar da za ta kai ni can, kuma duk wanda ya yi wannan iƙirari a yanzu ya wuce abin da bincike ya ba shi. Akwai ƙauyuka, musamman na yamma da ke fuskantar Safana da Batsari, inda a wasu watanni babu aikin da zai yiwu sai an sami jami'an tsaro a wurin. A can aikin ciyaman shi ne ya zama bakin jama'arsa: ya kai kuka Katsina, ya dage, ya rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, ya ciyar da 'yan gudun hijira. Wannan na buƙatar kuɗi, kuma ban ce a hana ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ɗauki halin waɗannan ƙauyuka a shimfiɗa shi a kan mazaɓu 11 na Dutsin-Ma da 10 na Kurfi baki ɗaya. Mafi yawan mutanen Karofi da Shema da Rawayau da Barkiya a gidajensu suke kwana, suna noma, matansu na haihuwa, 'ya'yansu na zazzaɓi. Su ba za a ce su jira sai daji ya lafa ba.

Misalin 2021 ma, idan aka duba shi da kyau, ni yake goya wa baya. Ba majalisa ce ta rufe kasuwa ba, ba ita ta katse waya ba, kuma ba ita ta dawo da su ba. Manyan matakan tsaro duk daga sama suka zo. Abin da ya rage a hannun majalisa a lokacin shi ne abin da yake hannunta kullum.

Sannan mutuwa ba ta bakin bindiga kaɗai take zuwa ba. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar saboda tamowa. Adadin na jiha ne, ba na ƙananan hukumomin nan biyu ba, kuma rashin tsaro na cikin abin da ya jawo shi, tunda manomin da bai je gona ba ba shi da abin ba yaro. Amma yaron da aka auna damtsensa da wuri a asibitin mazaɓarsa ba ya kaiwa ga gadon da ake mutuwa a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta sami cibiya guda mai aiki. Ko cibiyar na da ruwa, ko rufinta na yoyo, ko ma'aikacin da aka tura yana zuwa, waɗannan kansila zai iya sani da ƙafarsa kafin azahar.

Yanzu ga inda nake ganin Malam ya bar abin da ya fi dacewa da manufarsa shi kansa. Akwai ɓangaren tsaro da doka ta damƙa wa ƙaramar hukuma, kuma ba ya buƙatar harsashi. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba ta ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo. Ma'ana, burtali da mashaya da makiyaya da ake ta cinyewa da gonaki tun bayan dokar gandun kiwo ta 1965 suna da alaƙa kai tsaye da sa hannun sakateriya da na masu ƙasa. Ba na cewa rikicin yau rikicin manomi da makiyayi ne kawai. Ya daɗe da zama sana'ar fashi da karɓar fansa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mai yiwuwa ne, ina ma iya cewa kusan tabbas, matashin da aka toshe wa hanyar shanu, aka ci tararsa fiye da ɓarnar da ya yi, ya fi saurin amsa kiran daji. Zaman sulhun da aka yi a 2025 a Jibiya da Batsari da Safana da Kurfi, ko mutum na goyon bayansa ko yana ƙyamarsa, maganar shiga kasuwa da ruwa da asibiti da makaranta ta yi ta fitowa a cikinsa. Mafi yawansu aikin Jadawali na Huɗu ne. Idan sulhun zai ɗore, a kansu zai ɗore. Idan ya rushe, mutanen gari ba su yi asarar rijiyar da aka gyara ba. Majalisar da ta zauna da hakiminta, Yandakan Katsina ko Maradin Katsina, da dagatai da arɗaɗɗa, ta bi burtalan yankinta ɗaya bayan ɗaya ta sa musu alama, ta yi aikin tsaro fiye da wadda ta sayi babura hamsin.

A taƙaice zan taɓa wata jarabawar ta daban, wato son babban aiki mai allo da yanke kyalle. Madatsar ruwa ta Zobe ta ishe mu darasi. An kammala ta a 1983 zamanin Shagari, aka yi shekaru kusan arba'in kafin Shugaba Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan sha daga gare ta a Yulin 2021. Abin da ya ɗauki Tarayya da jiha wannan tsawon lokaci ba sa'an majalisa ba ne. Ƙauyen da bututun bai bi ta kansa ba, famfon tuƙa-tuƙa ne ruwansa, kuma abin da ke kashe shi sau da yawa ƙaramin ƙarfe ne ko roba. Hirschman (1958) ya lura tun tuni cewa ƙasashe irin namu sun fi gazawa wajen kula da abin da suka gina a kan gina shi.

To me nake so a sa a gaba? Kafin a rubuta kasafi, kowane kansila ya zaga mazaɓarsa da mai unguwa da kwamitin raya mazaɓa, su ƙirga: rijiyoyi nawa ke aiki, nawa suka mutu, azuzuwa nawa ba rufi, wace kwalbati ce ke yanke ƙauye daga kasuwa da damina, wane burtali aka nome. A manna wannan lissafi a ƙofar sakateriya da ƙofar fadar hakimi, da Hausar boko da ajami, tare da abin da ya shigo asusu kowane wata da abin da ya fita, har da jimlar abin da aka kashe a kan tsaro ko da ba a fayyace sunayen masu karɓa ba. Birnin Porto Alegre na Brazil ya fara barin mazauna unguwanni su zaɓi ayyukansu tun 1989, amma mu ba sai mun je can ba: shirin raya al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a mazaɓu 361 ya riga ya buɗe ƙofar, saura majalisu su shiga da kasafinsu maimakon su tsaya kallo.

Malam ya ce wannan ƙaramin buri ne a lokacin da ake kashe mutane. Ni kuwa ina ganin shi ne iyakar abin da majalisa za ta iya yin alkawarinsa ba tare da ta yi wa jama'a ƙarya ba. Ina roƙon ciyamomin Dutsin-Ma da Kurfi da kansilolinsu 21 su fitar da wannan ƙidaya kafin su zauna kan kasafin baɗi, mu kuma malaman Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mu ba su ɗalibanmu su taya su ƙirgawa.