Hisabin Taurarin Damina da Matsayinsa a Wurin Malamai

Tun kafin a kafa hukumar hasashen yanayi, manoman ƙasar Hausa da na masarautun gabas irin su Gombe suna da ma'aunin da suke auna shekara da shi, wanda malamai ke kira hisabi, wato lissafin manazilu. Manazilu masaukai ne guda 28 da aka yanka a kan hanyar da wata da rana ke bi a sararin sama, kowanne yana ɗaukar kwana 13 ban da Jabha mai kwana 14, abin da ya ba da kwana 365. An kasa su bakwai-bakwai a kan bazara da damina da kaka da ɗari, ta yadda damina ke buɗewa da Haƙ'a da Han'a da Zira'a, manomi kuwa ya san lokacin shuka da na noman farko da na maimai ta hanyar tambayar tauraron da ake ciki.

Sunayen kansu sun nuna cewa daga littattafan Larabawa lissafin ya fito, ya ratso Sahara tare da fatake da almajirai, har ya kafu a cibiyoyin karatu irin su Katsina, garin Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Masarautar Gombe, wadda Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta gaji wannan karatu tare da sauran fannonin zaure, kuma da aka dawo da fadar sarki garin Gombe na yanzu a 1919, malamai da manoma suka taho da shi cikin garin.

Tambayar da ta fi damun malamai ita ce ko tauraro ne ke kawo ruwa, ko kuwa zuwansa ne kawai ke dacewa da lokacin ruwa. Hadisin da aka ruwaito game da ruwan da ya sauka a Hudaibiyya ya hana jingina ruwan sama ga tauraro, saboda haka aka raba ilmin gida biyu: ilmin tasyiri, wato bin tafiyar taurari don sanin lokaci da alƙibla, wanda aka halatta, da ilmin tasiri, wato da'awar cewa taurari na sarrafa al'amuran mutane, wanda aka haramta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗi game da masu wannan da'awa. Ta haka hisabi ya tsaya a matsayin alama mai amfani wadda ba a ɗauke ta a matsayin sanadi ba.

Wannan rarrabewa ita ce cibiyar wata tsohuwar muhawara a falsafar kimiyya, inda wasu ke ganin nazariyya, wato tsararren bayani kan yadda abu ke gudana, dole ne ta siffanta halitta yadda take, wasu kuma ke ganin ya isa ta zama kayan aiki mai ba da hasashe daidai. Ibn al-Haisam ya soki da'irorin da Baɗlamus ya zana wa taurari domin ba za su yiwu a zahiri ba, Ibn Rushd kuma, wanda ya rasu a 1198, ya koka cewa falakin zamaninsa ya dace da lissafi amma bai dace da haƙiƙa ba.

Hisabi ma yana da iyakarsa, domin taurari na gocewa daga lokutan shekara da kimanin kwana ɗaya a kowace shekara 70, sannan farin 1973 da na 1984 sun nuna cewa manazilu na iya cika kwanakinsu sama ba ta zubar ba. Hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa kowace shekara ya ginu ne a kan awon iska da zafin teku, don haka ya fi kusa da sanadi, amma shi ma ƙiyasi ne mai karɓar gyara. Ya kamata a karɓe shi da irin hankalin da malaman zaure suka karɓi hisabi, wato a yi aiki da shi gwargwadon dacewarsa, a kuma gyara shi duk inda gona ta saɓa masa.