Fasfo Kafin Alli: Malaman Turanci a Koriya

Baturen farko da gwamnatin Koriya ta ɗauka ya koyar da Turanci ba malami ba ne. Thomas Hallifax ɗan Ingila ne, ma'aikacin wayar tangarahu. A 1883 aka damƙa masa aji a makarantar tafintoci ta Dongmunhak a Seoul, shekara guda bayan an ƙulla yarjejeniya da Amurka, fada kuwa na ƙishin masu tafinta. Abin da aka saya wurinsa shi ne harshen da ya sha a nono.

A 1886 Sarki Gojong ya buɗe wa 'ya'yan manya makaranta, ya sa aka kawo malamai uku daga Amurka. Cikinsu Homer Hulbert ne ya fi burge ni. Ya zo koyarwa, sai ya ƙware a harshen Koriya har ya rubuta littafin labarin ƙasa da baƙaƙen hangul, ya kuma tsaya wa sarkin lokacin da Japan ke haɗiye ƙasar. A Seoul aka binne shi a 1949. Talaka kuwa makarantun mishan ya nufa, irin su Baejae, inda Syngman Rhee ya koyi Turancin da daga baya ya taimaka masa ya zama shugaban ƙasa.

Mulkin Japan daga 1910 zuwa 1945 ya mayar da darasin haddar nahawu. Bayan mulkin Japan, sojan Amurka da dalarsa suka sa Turanci ya zama hanyar cin abinci. Masu sa kai na Peace Corps sun yi aiki a ƙasar daga 1966 zuwa 1981. Ɗaya daga cikinsu, Kathleen Stephens, ta dawo a 2008 tana jakadiyar Amurka.

Zazzaɓin Turanci na gaske sai bayan 1990. Gwamnatin Kim Young-sam ta kafa shirin EPIK a 1995 don zuba baƙin malamai a makarantun gwamnati, a 1997 aka fara Turanci daga aji uku na firamare. Kamfanoni suka koma tambayar makin jarrabawar Turanci ta TOEIC kafin su dubi fuskar mai neman aiki. Makarantun kuɗi na yamma, hagwon, suka cika unguwanni, suna ba baƙon saurayin da ya gama jami'a jiya albashi, ɗaki da kuɗin jirgi. Wasu magidanta har tura mata da yara waje suka yi don yaran su koyi Turanci, su suka zauna suna aika kuɗi.

Ƙofar dai ba ta kowa ba ce. Bizar E-2 ta koyar da Turanci, a ƙa'ida, ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayilan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Malamin da ya yi digiri a Turanci a Zariya, ya shekara goma da alli a hannu, ba ya ciki. Yaron Toronto da ya karanta kiɗa, bai taɓa tsayawa gaban allo ba, yana ciki.