Ƙwayoyin Maganin Raunin Mazakuta: Yadda Suke Aiki da Ƙa'idar Shan Su

Raunin mazakuta, wato gazawar namiji wajen samun miƙewar gaba ko riƙe ta har ya sadu da iyalinsa, lalura ce da kunya ke hana magidanta da dama kai ta asibiti. A Giyawa da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah, mun saba ɗora laifin a kan basir ko sanyi, sai a nufi mai tallar maganin ƙarfin maza ran kasuwa. Alhali kuwa akwai magungunan asibiti da aka tabbatar da amfaninsu, sai dai suna da sharuɗɗa.

Na farkonsu shi ne sildenafil, wanda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Tun asali don ciwon ƙirji mai nasaba da zuciya aka gwada shi a Ingila, kafin a gano wannan fa'ida tasa. A 2003 aka amince da tadalafil da vardenafil.

Miƙewar gaba aikin jini ce. Idan sha'awa ta motsa, jiki kan samar da wani sinadari mai suna cGMP, wanda ke sassauta jijiyoyin jinin gaba, su buɗe, jini ya cika ta. Akwai kuma wani mai suna PDE5 da ke rusa na farkon. Aikin ƙwayar shi ne ta dakatar da PDE5 na ɗan lokaci. Ke nan ba ta haifar da sha'awa, ba ta ƙara haihuwa, ba ta kuma kawar da tushen lalurar.

Sildenafil na zuwa da ƙarfin miligiram 25, 50 da 100, likita ne kuma ke zaɓar wanda ya dace. Ana shan sa kimanin awa guda kafin saduwa, kada a wuce sau ɗaya a kwana guda. Abinci mai maiƙo, irin su balangu, kan jinkirta aikinsa. Tasirinsa kan kai awa 4, na tadalafil kuwa har awa 36. Wasu kan ji ciwon kai, toshewar hanci ko ƙwannafi.

Babban haɗarin na ga mai shan maganin ciwon zuciya irin nitroglycerin ko isosorbide: haɗa su kan kayar da bugun jini ƙasa warwas, har a rasa rai. Abin takaici, bincike a ƙasashe da dama ya gano sildenafil a ɓoye cikin magungunan da ake tallata su a matsayin na itatuwa zalla, mai saye kuwa bai san adadin da ya haɗiya ba. Don haka muke jan hankali a duba lambar rajistar NAFDAC, a kuma guji ƙwayar da ba ta cikin kwalinta. Wanda gabansa ya wuce awa 4 a miƙe, ko ganinsa ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti.

Sau da yawa wannan rauni shi ne alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini. Kafin a sha ko ƙwaya ɗaya, a je babban asibitin ƙaramar hukuma a auna su, idan da buƙata za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.