Gandiroba da Fursuna a Zamanin En'e: Waiwaye daga Batsari da Safana

Bahaushe kan kira kurkuku "gidan Yari", wato ya jingina wurin ga mutumin da ke riƙe da mabuɗinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sunan ya dace da tarihi, domin alƙali ke yanke tsawon ɗauri, amma nauyinsa yana hannun mai tsaro.

Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, sun bar kurkukun sarki a hannun En'e. Da aka kafa Baitulmali a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sai Yari da gandirobobinsa suka koma cin albashi. Ƙasar Batsari ta Sarkin Ruma da ƙasar Safana ta Yarima duk suna yammacin masarautar, a gefen dajin Rugu. Manomi ko makiyayin da aka yanke wa doguwar ɗauri daga can, birni ake tasa ƙeyarsa, nesa da dangin da za su kai masa fura. Tuwonsa, ruwansa, ganin malamin asibiti da irin aikin da zai fita yi, duk sai ta hannun gandiroba.

Shi kuwa gandiroba baran sarauta ne, albashinsa kaɗan, horonsa kaɗan, sandarsa ita ce iliminsa. Wanda yunwa ke ci ba ya raba tuwo daidai. Mai imani ya sassauta, marar imani ya sayar da sassaucin. Siyasa ta ƙara dagula al'amarin, don kuwa bayan kafa NEPU a 1950, magoya bayanta da aka ɗaure a Arewa sun tarar masu tsaronsu ma'aikatan hukumar da suke suka ne.

Kwamitin Gobir na 1966 ya ba da shawarar Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen, aka kuwa aiwatar a 1968. Dokar 2019 ta sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali. Sai dai sauyin suna ba ya ciyar da gandiroba. Duk wanda ke neman a kyautata wa ɗaurarre, to ya fara duba albashi, masauki da tarbiyyar mai riƙe da mabuɗi.