Daga Gimi zuwa Wusasa: Mizanin Riya da Tsarkin Zuciya

A Tudun Wada ta Zariya aka haife ni, a nan kuma na fara sanin bambancin ibada da nuna ibada. Wata Lahadi ta godiyar kaka, ina ɗan shekara goma sha bakwai, mai sanarwa a majami'armu ya riƙa kiran sunayen masu baiko ta lasifika, yana faɗin abin da kowa ya bayar, jama'a na tafi. Da layi ya zo kaina, na ɗaga ambulan sama ina taka rawa, alhali na san abin da ke ciki bai kai kuɗin ƙosan safe ba. Da muka koma gida, kakata ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mutanen Gimi ba su da lasifika." Ban fahimce ta ba sai da na shiga jami'a na bi sawun wannan suna.

Labarin ya faro ne daga Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Wani malami mai suna Ibrahim ya zurfafa nazari a kan matsayin Annabi Isa, ya tara almajirai waɗanda aka riƙa kira Isawa. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga tafarki, aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Waɗannan mutane ba Kiristoci ba ne a lokacin, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, ba su da majami'a. Abin da suka riƙe, sun riƙe shi ne a ɓoye, a inda bayyana shi kan jawo asara.

A wani gefen kuma, a 1900 ayarin mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su nan take. Cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Bayan zama a Girku, ya samu wuri cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka karɓi saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Turawan mulki ma, waɗanda sunan Kirista ke kansu, sun fi damuwa da haraji da zaman lafiyar mulkinsu, don haka suka riƙa taka wa mishan birki a masarautu. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurin Miller da ƙafarsu, suna neman ƙarin bayani a kan Isan da iyayensu suka sha wuya dominsa.

Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, inda wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka yi noma, suka gina makaranta da wurin sujada. Amma wurin na da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi ta ɗaukar manya da yara, har ya zama dole a tashi. A nan ne na gane maganar kakata. Mutumin da ya bar danginsa saboda abin da ya gaskata, sa'an nan ya binne 'ya'yansa a sabon mazauni, kuma washegari ya koma ya durƙusa, ba ya neman tafin kowa. Babu mai kallo a Gimi, babu riba, babu muƙami. Da riya ce ta kai su, da kabarin farko ya kore su.

Waɗanda suka tsira suka koma Zariya. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Miller ya ba da ƙarfinsa a kai. Daga nan al'amari ya juya. Makarantar Wusasa da asibitinta suka zama tsani. Daga wannan ƙaramin gari aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru.

Wannan abin alfahari ne, amma ya zo da jarrabawar da mutanen Gimi ba su sani ba. Ranar da addini ya fara buɗe ƙofar makaranta da aikin gwamnati, ranar ce ya zama abin da za a iya sawa kamar riga. Ba ina cewa waɗanda suka ci gajiyar Wusasa munafukai ne ba. Da yawansu sun yi wa jama'a hidima da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, a Gimi wahala ce ke tace mutane, kamar yadda rariya ke raba tsaki da gari. Da sauƙi ya zo, rariyar ta tafi, mai gaskiya da mai riya suka zauna a benci ɗaya, suna rera waƙa ɗaya, ba mai iya bambanta su da ido.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Yesu da kansa ya fi tsananta magana a kan masu addu'a a bakin hanya don a gan su, ya kuma fifita gwauruwar da ta jefa 'yan kuɗinta biyu a kan attajiran da suka zuba mai yawa. Maƙwabtanmu Musulmi a Tudun Wada su ma suna da wannan gargaɗi, kuma daga bakinsu muka ari kalmar riya. Cutar ɗaya ce, ko a sahu ko a benci.

Sai dai akwai tarko a nan, na kuwa faɗa cikinsa. Bayan na karanta tarihin Gimi, na zama mai auna kowa. Ina zaune a majami'a ina lissafin wanda ya ɗaga murya fiye da kima, da wadda ta zo nuna leshi. Wata rana na lura cewa tun da aka fara sujada ban yi addu'a ko ɗaya ba, ina can ina jin daɗin cewa na fi su. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. Na bar rawar ambulan, na kama wata riyar da ta fi ta ɓoyuwa.

Bara na je Wusasa na shiga tsohuwar majami'ar ƙasa a ranar da ba a taro. Babu kowa, babu ganga, babu lasifika. Na zauna na tambayi kaina abin da tarihin nan ke tambayar duk mai ibada: in aka cire masu kallo, aka cire riba, me zai rage? Mutanen Gimi sun ba da amsarsu a bakin kaburbura. Ni har yanzu ina neman tawa, amma tun daga ranar nake sa baikona ba tare da rubuta suna a bayan ambulan ba.