BABI NA UKU: MACIJIN RUWA A ZANEN BANGON INDIYA DA NA ƘASAR KATSINA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi matsayin macijin ruwa a zanen bangon mabiya addinin Buddha da na Hindu, sannan a kwatanta shi da abin da ake gani a bangayen Hausawan tsakiyar ƙasar Katsina, musamman Dutsin-Ma da Kurfi. Manufar ita ce a gano dalilin da ya sa al'ummun biyu suka yi tarayya wajen imani da wannan halitta, amma suka sha bamban wajen zana ta.

3.1 Naga a Bangon Ajanta

Kogunan dutse na Ajanta suna cikin jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya. An fara sassaƙa su tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka ci gaba har ƙarni na 5 bayan haihuwarsa. Wani hafsan sojan Ingila ya sake gano su a shekarar 1819. Daga cikin halittun da aka zana akwai Naga, wato sarkin macizai, wanda akan nuna da surar mutum, kawunan gamsheƙa sun yi masa laima. A wurin mabiya addinan biyu, Naga shi ne mai tsaron ruwa da dukiyar ƙarƙashin ƙasa. Ko da ya yi ɓarna ba a cika kashe shi ba. Alal misali, a labarin Hindu, macijin nan Kaliya ya gurɓata kogin Yamuna da dafi, amma Krishna ladabtar da shi ya yi, ya kore shi.

3.2 Macijin Ruwa a Tunanin Bahaushe

Bahaushe ma ya daɗe yana danganta maciji da ruwa. Greenberg, a nazarinsa kan Maguzawan Kano na shekarar 1946, ya ambaci Gajimari, iska mai surar maciji da ke zama a rijiya, wanda ake cewa shi ke bayyana a matsayin bakan gizo. Shi ya sa ake kiran bakan gizo masha-ruwa. Haka kuma, tarihin baka na Daura ya nuna wata macijiya mai suna Sarki ta hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, har Bayajida ya sare kanta, ya auri Daurama. Kumayau, wanda ake dangantawa da kafa sarautar Katsina, jikansa ne a wannan ruwaya. Ke nan a nan sarauta ta samu ne ta hanyar kashe macijin.

3.3 Abin da Magina Suka Zana

Duk da wannan tushe, da wuya a ga irin waɗannan halittu a fuskar zaure. Dutsin-Ma, mazaunin Yandakan Katsina, da Kurfi, mazaunin Maradin Katsina, suna cikin yankin da Musulunci ya yi ƙarfi, musamman bayan jihadin 1804 da ya kawo Malam Ummarun Dallaje kan mulkin Katsina. Malamai sun yi hani ga zana abu mai rai, don haka magina suka karkata ga dagi da takobi da allo da sauran zayyana. Kirk-Greene, wanda ya nazarci gidajen Zariya a shekarar 1963, ya nuna har kayan zamani irin su keke sun shiga bango. Wannan ya tabbatar da cewa ba gazawar hannu ce ta hana magini zana Gajimari ba, zaɓi ne da addini ya jagoranta.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa a Indiya bango ne ya adana macijin ruwa, a ƙasar Katsina kuwa baki ne ya riƙe shi, ta tatsuniya da kirarin bori da tarihin sarauta. Wannan yana da muhimmanci ga mai nazarin tarihi, domin duk wanda ya dogara da bango kaɗai zai ɗauka Bahaushe bai san waɗannan halittu ba. Ga shi kuma siminti da kwano suna ta maye gurbin ginin ƙasa, tsofaffin da suka san labaran suna ƙarewa. Saboda haka akwai buƙatar a tattara zanen da labaran tare, tun kafin su salwanta.